Masu Sayo Wa 'Ya'yansu Hatimi, Wa Kuke Cuta?



Akwai wata ɗabi'a da ta fara zama ruwan dare a tsakaninmu, mu Hausawan da ke zaune a Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu, wadda in muka ci gaba da yin shiru a kanta, to mu ne za mu kwana a ciki. Yaro ya samu shiga makaranta yana karanta zane da zayyana, lokacin fita koyon sanin makamar aiki ya zo, wato abin da ɗalibai ke kira Ai-Ti, sai uba ya ce ai ba sai ya je ba. A nemo wani mai shagon ɗab'i da aka sani, a kai masa littafin nan da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kowace rana, a ɗan miƙa masa na goro, ya buga hatimi ya sa hannu, shi ke nan. Yaro kuwa ya koma rumfar babansa a Mil 12 ko Agege yana ƙirga buhuna, ko ma ya kwanta a ɗaki yana latsa waya har watannin su ƙare. Daga bisani ya koma makaranta da littafi cike fal da ayyukan da bai taɓa yi ba, a ba shi maki, kowa ya yi murna wai an yi dabara.

Ni dai a ganina wannan ha'inci ne, kuma wanda aka ha'inta shi ne yaron nan da ake ganin an taimaka wa. Na san maganar za ta ɓata wa wasu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari mu fara da asalin abin, domin da yawa daga cikin iyayenmu suna ɗauka wata hanya ce kawai da makarantu suka ƙirƙiro don wahalar da yara. A shekarar 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, wanda hedikwatarsa ke Jos. A 1973 asusun ya fito da shirin SIWES, kuma dalilin fito da shi shi ne koken da masu masana'antu suka riƙa yi cewa ɗaliban da ake yayewa daga manyan makarantu sun san takarda amma hannunsu bai san aiki ba. Shi ya sa ɗan kwalejin fasaha ke fita na wata 4 bayan shekararsa ta farko, ɗan jami'a yakan yi wata 6, sannan wanda ya gama ƙaramar difloma ana son ya yi shekara guda cur a wurin aiki kafin ya dawo neman babba. Ka ga ke nan cutar da aka kawo shirin don ya magance tun shekaru sama da 50 da suka wuce, ita muke sayo wa 'ya'yanmu da kuɗinmu a yau.

Wai shin me yaro zai koya a shagon ɗab'i wanda bai koya a aji ba? Wannan ita ce tambayar da iyaye ke yi, kuma ta cancanci amsa dalla-dalla.

Da farko akwai maganar launi. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, kuma da launi 3 take haɗa duk abin da ido ke gani a kanta: ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa tawada yake zubawa a kan takarda, kuma tawadar kala 4 ce: shuɗi mai haske, da ja mai ratsin shunayya, da rawaya, da baƙi. Kowace tawada da nata farantin, wanda ma'aikata ke kira filet, kuma takarda sai ta karɓi huɗun ɗaya bayan ɗaya kafin hoto ya fito. Malami zai faɗi wannan a aji, yaro ya rubuta, ya ci jarrabawa. Amma ba zai gane nauyin maganar ba sai ranar da ya tsaya a gaban injin, ya ga koren nan mai ɗaukar ido da ya zaɓa a kwamfuta ya fito a takarda kamar busasshiyar kuka, mai kaya yana tsaye yana cewa ba wannan ya biya ba. A nan ne zai koyi juya launi zuwa tsarin tawada tun kafin ya fara aiki. A nan ne kuma zai koyi cewa ƙananan haruffa da baƙar tawada zalla ake buga su, domin in ka bar su a haɗe da kala huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce ko da kaurin gashi ne, rubutun zai fito da inuwa kamar mai karatu ya sha wani abu.

Sai maganar yanka. Ba a buga kati ɗaya-ɗaya. Ana jera su da yawa a kan babbar takarda, a buga, sannan a kai wa mai injin yanka ya datse ɗaruruwa a sara guda. Wuƙar nan ba ta taɓa faɗawa daidai kan layi ɗari bisa ɗari, saboda haka mai zayyana yakan bar launin ya zarce iyaka da kamar milimita 3 a kowane gefe, ya kuma janye rubutu daga baki. Wanda bai san wannan ba, sai katinsa ya fito da farin zare a gefe ɗaya, ko wuƙa ta tafi da lambar ƙarshe ta wayar mai kaya. Haka nan hoto: wanda za a buga a takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci, alhali hoton da Alhaji ya turo ta WhatsApp an riga an matse shi, in aka ja shi ya cika kalanda sai fuska ta farfashe. Dole yaro ya koyi yadda zai ce wa babban mutum, cikin ladabi, ranka ya daɗe a sake turo mana na asali. Wace makaranta ce ke koyar da wannan?

Ɗauki ɗan littafin jadawalin taro da ake ɗinkewa da waya a tsakiya. Shafukansa dole su zama 8 ko 12 ko 16, wato abin da 4 ke rabawa, saboda kowace takarda in aka ninke ta shafi 4 take bayarwa. Kuma a wurin jerawa, in littafin mai shafi 16 ne, shafi na 1 da na 16 su ke zama kusa da juna, na 2 da na 15, haka har tsakiya. Yaron da bai taɓa ninke takarda da hannunsa a ɗakin ɗinki ba, zai kawo maka shafi 14 yana taƙama ya gama. Ga kuma sanin takarda ita kanta: wace ce mai nauyin giram 70 ko 80 da ake rasit da ita, wace ce mai sheƙi ta fosta, wane kwali ne mai giram 300 da ya dace da katin ɗaurin aure, nawa ake sayar da kowanne a makon nan, kati nawa zai fita daga takarda guda. Wanda bai san wannan ba ba zai iya yi wa aiki kuɗi ba, kuma wanda bai iya yi wa aiki kuɗi ba, ko ya kori mai kaya da tsada, ko ya yi aikin ya cika daga aljihunsa.

Ko manhajar aikin ma akwai magana. Yaro na iya fitowa daga makaranta ya ƙware a Photoshop da Illustrator, ya isa Shomolu ko Mokola ya tarar da CorelDRAW ake yawancin aiki, kuma abin da mai filet zai fara tambayarsa shi ne ko ya mayar da haruffansa zane. Domin in bai yi haka ba, aka buɗe aikin a wata kwamfutar da ba ta da irin haruffan da ya yi amfani da su, sai ta sauya masa da wasu, tsari ya wargaje. Maɓalli biyu ne kacal ake dannawa, amma rashin danna su ya sha jawo asarar takarda rim-rim.

Duk waɗannan abubuwa, gani ya kori ji. To kai da ka sayo wa ɗanka hatimi, wanne daga ciki hatimin ya koya masa?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato abin da ya shafe mu a matsayinmu na al'umma. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, kuma maƙwabciyarta ita ce Mokola, inda shagunan ɗab'i ke jere. Idi-Araba a cikin Mushin take, inda ake hada-hadar takarda da bugu. Shomolu, wadda duk Nijeriya ta san ta da wannan sana'a, tana nan tsakiyar Ikko muna ratsa ta kullum. Mun fi shekara 100 muna zaune a bakin rijiya. Kuma mu mutane ne masu buga takardu: katin ɗaurin aure, katin walimar saukar Alƙur'ani, fostar Maulidi da ta wa'azi, kalandar ƙungiya, allon shago, ledar kilishi da ta garin kunu, katin shaidar 'yan kasuwa, in zaɓe ya zo kuma fostar ɗan takarar kansila. Shiga shagunan nan ka duba wanda ke zaune gaban kwamfuta yana tsara mana su. Ni dai a yawon da nake yi, da wuya in ga namu.

Sakamakon haka yana manne a bangon masallatanmu, kowa na iya zuwa ya karanta. Katin gayyata ya fito an rubuta "manyan baki" a maimakon manyan baƙi. An cire wa ƙasa ƙugiyarta ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Inda aka yi ƙoƙarin sa ƙugiyar kuma, sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, saboda salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya fi muni shi ne Larabci: an kwafo addu'a ko sunan makaranta an liƙa a manhajar da ba a saita ta don rubutu daga dama zuwa hagu ba, haruffa sun rarrabu kuma sun juya baya, aka buga kwafi dubu aka rarraba. Ban ga laifin Bayeraben da ya tsara ba ko kaɗan. Mutumin kirki ne da ya yi iyakar saninsa, harshen ne ba nasa ba. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan Hausa masu ƙugiya na kwamfuta, yau kuma suna cikin kowace waya. Kayan aikin na nan. Yaron da ya san harshen, ya yi makarantar allo ya san yadda ba'un ke haɗuwa da alif, shi ne ba ya kan kujerar, saboda babansa ya sayo masa hatimi.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma ba zan ce dukkansu shirme ne ba.

Na farko, ana cewa in yaro ya je, aike kawai ake yi da shi: sayo abinci, share shago, tayar da janareta, ɗauko takarda a ka. Gaskiya ne ana yin haka, kuma akwai masu shagon da ba su da tsoron Allah, waɗanda ke ɗaukar ɗalibi a matsayin ɗan aiken da ba a biya, wata shida ba su bar shi ya taɓa kwamfuta ba. Wannan zalunci ne, kuma in uba ya ga haka, hakkinsa ne ya je ya yi magana, in ba a gyara ba ya sauya wa ɗansa wuri, tunda shago ba ɗaya ba ne a Shomolu. Amma a rarrabe tsakanin aike da aike. Yaron da aka aika sayo takarda, farashi ya koyo. Wanda aka aika kai aiki wurin mai filet, ya ga yadda ake raba launi. Wanda ya kai kaya wurin mai yanka, ya ga dalilin milimita ukun nan. Wai a gidan wane maƙeri ne yaro ya fara da ƙera takobi? Ai da zuga-zugi ake farawa. Ɗan marina a Ƙofar Mata da ɗebo ruwa da toka yake farawa. Mu da muka gaji wannan tsari kaka da kakanni, yau mu ne ke cewa ɗanmu ya fi ƙarfin shara?

Na biyu, ana cewa ba a biya, ga kuɗin mota a Ikko ya fi ƙarfin talaka. Wannan ma gaskiya ne, kuma ɗan alawus ɗin da aka tanadar wa ɗalibai bai taka kara ya karya ba. Amma mu yi lissafi tsakaninmu da Allah. Uban da ya biya kuɗin makaranta shekara biyu ko huɗu, ya kasa jure kuɗin mota na wata huɗu ko shida, ya yi kama da wanda ya gina ɗaki ya ƙi sayen kwanon rufi. Kuma sau nawa muke haɗa kuɗi a ƙungiyoyinmu don a ɗinka anko ko a yi hayar rumfa ta yini guda?

Na uku, matasa ne ke kawo ta. Suna cewa ai yanzu akwai Canva, wadda ta fito tun 2013, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana maka hoto cikin daƙiƙa kaɗan, to me za a je yi a shago? Ƙanena, waɗannan kayan sun sauƙaƙa yin abin da zai yi kyau a fuskar waya, kuma duk mai hankali zai koye su. Sai dai tunda kowa ya iya wannan ɓangaren, kuɗinsa ya faɗi. Abin da har yanzu ake biyan mutum a kansa shi ne ya karɓi aiki, ya yi masa kuɗi, ya fitar da shi a takarda ko leda ko allo daidai yadda aka yi alkawari, a ranar da aka yi alkawari. Manhaja ba za ta tsaya gaban injin da ƙarfe biyun dare tana cewa a rage ja ba, kuma ba ita mai kaya zai riƙe wa wuya ba in an rubuta sunan amarya ba daidai ba.

Na huɗu, wasu iyayen suna ɗar-ɗar saboda maganar hoto a addini. Ni ba malami ba ne, kuma hukunci na malamai ne, a je a tambaye su. Abin da zan iya faɗa shi ne, kaso mai yawa na wannan aiki haruffa ne da launi da tsari: tambarin kamfani, rasit, littafi, allon shago, kwalin magani. Kuma mu ba baƙin zayyana ba ne. Wa ya ƙawata allon sauka? Wa ya zana aska takwas a gaban babbar riga, da dagi a bangon soro a Zariya da Kano? Idon da ya san inda zai ajiye ja da inda zai ajiye kore a jikin hula, shi ne dai ake buƙata a gaban kwamfuta.

Akwai kuma hujja ta biyar wadda ba a faɗinta a fili, amma ita ce uwar sauran. Girman kai. Wai ɗan Alhaji wane ya zauna ƙarƙashin wani Bayerabe ko Ibo yana ce masa oga. Haba jama'a! Girman kai dai rawanin tsiya ne. Ku ciro naira 20 ku dubi bayanta. Ladi Kwali ce, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wurin 'yar uwar iyayenta, ta ƙware har sarakuna na sayen aikinta, amma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, ta zauna ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Cardew ta koyi sabbin dabaru. Ba ta ce ta riga ta iya ba. Ku dubi maƙwabtanmu Ibo a kasuwar Alaba da Ladipo, yaro ya yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima, a ƙarshe a sallame shi da jari. Ku dubi Yarabawa da bikin yaye ɗan koyo da suke yi, iyaye su zo, a yi addu'a, a miƙa masa kayan aiki. Su shekaru suke bayarwa, mu wata huɗu ya gagare mu.

Kada kuma mu manta da halin da ake ciki. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin jihar Legas ta taƙaita acaba a wasu sassan birni, a watan Yunin 2022 ta hana shi kwata-kwata a ƙananan hukumomi 6, a watan Satumba na shekarar ta ƙara wasu 4, ciki har da Mushin da Shomolu. Mun ga yadda samarinmu suka wayi gari ba abin yi, wasu an kwashe baburansu an murƙushe. Ba na raina acaba, ba na raina dako ko gadi ko tura ruwa, domin halal ne kuma da su aka ciyar da da yawa daga cikinmu. Amma sana'ar da sanarwa guda ke iya kashewa a dare ɗaya ba abin da za mu bar wa 'ya'yanmu gado ba ne. Aikin da ke cikin kai da hannu, ko an tashi kasuwa, ko an ce a bar gari, da shi mutum zai tafi, kuma duk inda ya sauka ana ɗaurin aure ana buɗe shago.

Saboda haka ga kirana. Iyaye, ku daina sayen hatimi. Ku raka yaro da ƙafarku ranar farko, ku gaisa da mai shago, ku tambaye shi me zai koya masa da kuma yaushe zai fara zama gaban kwamfuta. Duk ƙarshen mako ku ce ya kawo muku abin da ya taɓa da hannunsa, ko da kati ɗaya ne. Kuma 'yan mata ma a bar su su je, domin aiki ne na zama wuri ɗaya, wanda mace za ta iya ci gaba da yi daga ɗakinta bayan aure.

Ku kuma samari, in kun je ku buɗe ido. Ku riƙe ɗan littafi a aljihu kuna rubuta farashin takarda da sunayen injina. Ku yi abota da mai injin da mai yanka da mai ɗinki, ku gaishe su da girmamawa, domin abin da suka sani ba ya cikin littafi. Duk aikin da ya lalace a shago, ko ba naku ba ne, ku tambayi dalili. Ku koyi Yarabanci, ba zai rage muku Hausa ba. In aikin Hausa ko Larabci ya shigo, ku miƙe ku ce a bar ku ku duba, a nan ne mai shago zai fara ganin amfaninku.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, ku ma da naku. Kun san masu shagunan da muke kai wa aiki shekara da shekaru. Me zai hana ku ce musu, ga aikinmu, ga kuma yaranmu biyu ku koya musu? Me zai hana a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin motar ɗaliban da ke Ai-Ti? Shi kuma mai shagon da ke karɓar kuɗi ya buga hatimi a kan aikin da ba a yi ba, in namu ne, a kira shi a yi masa nasiha, domin shaidar zur ce yake bayarwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da yaron nan zai je neman aiki, ba wanda zai buɗe littafin Ai-Ti ɗinsa. Kujera za a nuna masa a ce zauna ka tsara mana wannan, muna son a kai wa mai filet kafin la'asar. A ranar uba ba ya wurin, mai hatimi ma ba ya wurin.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanya albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da waɗanda muka tarar a ƙasarsu, amin.

Wassalam.